Inda Ba Jirgi, Nan Ake Gardamar Tuƙi

A Amurka akwai wani gari da ake kira Oshkosh, a jihar Wisconsin. Duk ƙarshen watan Yuli masu ƙananan jiragen sama na kansu sukan yi masa tsinke daga ko'ina, jirgi sama da 10,000 cikin mako guda, har hasumiyar filin jirgin garin ta zama babu kamarta a duniya wajen cunkoso a wannan makon. Saboda yawan jirage, ba a ma son matuƙi ya amsa magana ta rediyo. Sai a ce da shi: kai mai jan jirgin nan, girgiza fiffikenka mu san ka ji. To, in sun sauka me suke yi? Su kafa tanti a gindin fiffike, su fito da kujeru, su ci, su sha, su ɓarke da hira. Ban da wannan babbar sallar tasu, a ranakun Asabar za ka iske dattijo ya ƙona man dala ɗari ya tashi zuwa wani gari don kawai ya ci burodi da nama tare da abokai, ya juyo gida. In ka duba hotunan irin waɗannan taruka, furfura ta fi komai yawa. Har ƙungiya gare su ta waɗanda suka tuƙa jirgi bayan sun cika shekara 80.

Mu ma a Agege muna da namu taron. Bambancin kaɗan ne. Su da jiragensu suke zuwa, namu dattawan kuwa a keke Marwa suke zuwa, su zauna ƙarƙashin jiragen wasu. Allah ya ajiye Agege a arewa da filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja, yawancin jiragen da za su sauka kuwa ta arewa suke gangarowa su fuskanci kudu. Don haka duk yini suna wucewa ta kan rufin kwanonmu, tayoyi a waje, kamar shirwa ta hango 'yan tsaki.

A bayan wani masallaci akwai teburin mai shayi da nake zama. Kowace Asabar bayan la'asar wasu dattawa sukan cika shi: tsofaffin matuƙa, injiniyoyi, ma'aikatan hasumiya, 'yan Arewa da aikin jirgi ya kawo Ikko a shekarun 1970 da 1980, suka kama gida a Agege don ta fi kusa da wurin aiki, ta kuma fi kusa da tuwo. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Waɗannan jifan sun yi nisa ƙwarai, sun kai Landan sun kai Jidda, ga su nan sun faɗo a bencin mai shayi. Na daɗe ina zama a gefensu ina shan ruwan bunu ina kasa kunne, har na rarrabe su iri-iri. Sunayen da za ku ji ni na laƙaba musu, kuma ina roƙon kada wani ya kai musu rubutun nan.

Kyaftin A-Zamaninmu

Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Bakinsa ba ya buɗewa sai da "a zamaninmu". A zamaninmu jirgi jirgi ne, shayi shayi ne, hatta hazon Kano ya fi na yanzu kauri. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya yi, wadda aka kafa a 1964, amma in ka ji yana ba da labarinta sai ka ɗauka da shi aka haƙa harsashin ginin. Ya fara da Fokker, ya hau Boeing 737, ya ƙare a 707, kuma duk jirgin da aka ƙera bayan wannan, a wurinsa abin wasan yara ne.

"Waɗannan na yanzu ai akawu ne," in ji shi, yana nuna sama da haɓa. "Su danna maɓalli, su harɗe hannu, kwamfuta ta kai su Abuja. Mu da damtse muka tuƙa." Shi kuwa in wayarsa ta kulle, sai ya jira jikansa ya dawo daga islamiyya.

Abin al'ajabi a tare da shi sa'o'insa ne. Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta duk sa'ar da ya yi a sama, da shi ake auna girmansa. Lokacin da na fara zama a teburin, Kyaftin yana da sa'a 12,000. Bara na ji 15,000. Da azumin bana sun kai 18,000. Shi kaɗai na sani a duniya da ke tara sa'o'in tashi yana zaune a benci.

Sai a kula da hannunsa na dama, don shi ne jirgin. Da labari ya kai wurin sauka sai tafin hannu ya miƙe, ya karkata, ya gangaro. Kofin maƙwabci nawa ya tafi a wannan saukar, Allah kaɗai ya sani. Mai shayi dai ya koyi darasi: da ya ga hannun ya tashi sai ya janye gwangwanin madara.

Mai Kunne

Wannan ba ya ɗaga kai. Jirgi na tafe, kowa ya miƙa wuya, shi yana juya cokali a kofi, sai ya ce, "737 ne, tsohon samfuri," ko "mai farfela ne, daga Ibadan." Da can, an ce, bai taɓa kuskure ba. To amma shekara talatin ya yi a gindin injin, musamman jirgin nan BAC 1-11 da kamfanonin Kabo da Okada suka yi yayi, wanda ƙararsa kan tayar da jariri a unguwa ta uku. An hana wannan jirgi tashi a Najeriya a 2002, amma kafin ya tafi ya tafi da rabin kunnen mutuminmu.

Baiwar ta gudu, tabbacin yana nan daram. Ran nan ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku yi shiru! Babba ne, inji huɗu, daga Turai yake." Muka ɗaga kai, sama fes, ko tsuntsu babu. Ashe injin markaɗen wata Bayarabiya ne a bayan katanga aka tayar. Da aka gaya masa, ko gezau. Ya kurɓi shayi ya ce, "To a gaya wa Iya injinta na hagu yana son dubawa."

Injiniya

Matuƙa a wurinsa "direbobi" ne, kuma a gabansu yake faɗa. Takensa ɗaya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. "Ni na kwana a ƙarƙashin jirgi da tocila a baki, ni na sa hannu a takarda kafin ya motsa. Kai kuwa ka fito daga otal da guga a wando, aka ba ka hula, ana ce maka Kyaftin." A nan yana da gaskiya, don jirgi ba ya tashi sai injiniya mai lasisi ya sa hannu cewa lafiyarsa lau, kuma in wani abu ya faru, wannan sa hannun za a fara nema.

Aiki ya bar shi, shi bai bar aiki ba. Ba ya zama a benci sai ya girgiza shi, ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙirga ƙusoshi. Wata Asabar ya hana kowa zama a bencin tsakiya, ya ce ba shi da lafiyar ɗaukar fasinja, dattawa shida suka sha shayi a tsaye har aka nemo kafinta. Butar mai shayi ma tana da ranar dubawa.

Sirrinsa na gano shi ne da babbar sallah. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran jirgi, in zai je Kano a doguwar mota yake tafiya, kwana da yini, ta Ilori da Mokwa, ƙafa a kumbure. Na tambaye shi dalili. Ya dube ni kamar mai tausayi ya ce, "Ɗana, kai ba ka san abin da ke cikin fiffike ba. Ni na sani."

Sakataren Fansho

Kamfanin jiragen ƙasa, Nigeria Airways, ya fara a 1958, da tambarinsa na giwa mai fiffike. A lokacin da yake tashe yana da jirage wajen talatin, yana zuwa Landan da New York da Jidda. A 2003 giwar ta faɗi, ta danne dubban ma'aikata. A 2018 gwamnatin Buhari ta saki naira biliyan 22.6, kusan rabin abin da tsofaffin ma'aikatan ke bi. Duk wannan tarihi yana cikin wata baƙar leda da Sakatare ke rataye da ita, tare da kofen takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girma, da yankakkun jaridu da suka koma ruwan goro.

Ko wace hira ta tashi a teburin nan, a filin fansho take sauka. A yi maganar ƙwallo, ya ce, "Ai su ana biyansu." A yi maganar tsadar tumatir a Mile 12, ya buɗe leda. Kullum akwai "wani na sama" da ya raɗa masa cewa wata mai zuwa za a saki sauran. Bashin shayin rabin majalisa a kan wannan watan aka ɗaura shi, shi ya sa mai shayi ya fi 'yan jarida bin labarin kasafin kuɗi.

A bayan fayil ɗin akwai wata takarda da ba ya son fitowa da ita, jerin sunayen abokan aiki. Wanda ya rasu sai ya ja masa layi da jan biro. In ka ga ya iso bai fara da maganar kuɗi ba, ya zauna ya cire hula ya shafa kai, to an ƙara layi.

Alhaji Mai Jirgi a Rumfa

Ga ainihin ɗan'uwan mutanen Oshkosh. Shi bai taɓa tuƙi don albashi ba, sha'awa ce. Dillalin shanu ne a Oko-Oba wanda kasuwa ta yi wa kyau a farkon shekarun 1980, zamanin da naira ta fi dala. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi Marsandi, shi ya je ya koyi tuƙin jirgi. Lasisin mai tuƙa kansa sa'a 40 a sama yake bukata a ƙalla. Ya yi su, ya haɗa kuɗi da abokai biyu suka sayi Cessna 172, ɗan jirgin nan mai kujera huɗu da ake ƙerawa tun 1956.

Daga nan naira ta fara gangara, jirgin ya bi ta. Manyan jirage ɗan'uwan kananzir suke sha, wanda ake samu a kowane babban fili. Shi kuwa wannan ƙaramin wani fetur na musamman yake sha, mai shuɗin launi, wanda nemansa a ƙasar nan sai ka ce neman nonon kaza. Kayan gyara da dala. Dubawar shekara da dala. Yau jirgin yana cikin wata rumfa, tayoyi sun sace, tattabaru sun yi gida a wutsiya, zanzaro ya yi gini a bututun auna gudu. In ka tambayi Alhaji sai ya ce, "Ai ya kusa. Fulogi ɗaya ya rage, yana hanya daga Amurka." Fulogin nan ya fi shekara goma a hanya, ko a raƙumi aka ɗoro shi ya ci a ce ya iso.

Ɗaya daga abokan haɗin ya rasu, magada suka je wurin malami a raba musu sulusin jirgi. Malam ya yi ta lissafi har ya kai tumunin matar, sannan ya tambaya ko za a iya ba ta farfela. Uwargidan Alhaji kuwa "kishiyata" take kiran jirgin, ta ce ita ce kishiyar da ba ta girki, ba ta haihuwa, sai cin kuɗi.

Duk da haka makullin yana aljihunsa, ɗaure da carbi. Kuma babu wanda ke teburin nan da bai yi wa alkawari ba: da fulogi ya iso, za mu tashi da hantsi mu je Ibadan mu ci amala mu dawo kafin azahar. Kujeru huɗu ne, an yi wa mutum arba'in alkawari. Ni ne na talatin da bakwai.

Mai Gudun Likita

Doka ta ce matuƙin jirgin fasinja in ya cika 65 ya sauka, kuma daga shekara 60 duk wata shida sai likita ya duba shi. Mai tuƙa kansa ba a yanka masa shekaru ba, likita ne kaɗai ke tsakaninsa da sama. Wannan dattijo ba shi da jirgi, ba shi da mai ba shi aro, amma ya rantse lasisinsa ba zai mutu kafin shi ba. Saboda haka rayuwarsa ta kasu gida biyu: kafin ganin likita da bayan ganin likita.

In ranar ta matso za ka gane. Shayi ba sukari, ba madara. Tafarnuwa a aljihu, zogale a leda, zoɓo a gora. Kowa ya ɗaga murya sai ya ce, "Don Allah a hankali, jinina." Allon gwajin ido kuwa ya haddace shi tun daga babban baƙi har ƙananan na ƙasa, kamar yadda yaro ke haddace ƙulhuwallahu. Shekarar da aka canza allon, ya tsaya ya karanto tsohon daga sama har ƙasa ba tuntuɓe. Likita ya saurara har ya gama, ya ce, "Baba, ƙwaƙwalwa dai ta ci jarrabawa."

Ran da takarda ta fito lafiya, a ranar ake rushe duk abin da aka gina: shayi haɗin kauri, burodin Agege mai zafi da wainar ƙwai huɗu, a aika a sayo tsire.

Kyaftin Ba-Lasisi

Baƙo in ya zo teburin nan aka ce ya nuna matuƙi, wannan zai nuna. Baƙin gilashi, agogo kamar faifan tuwo, farar riga mai maɗauri a kafaɗa. Sauran, masu jallabiya da silifa, sai ka ɗauka direbobinsa ne. Aikinsa na ainihi awon kaya ne a sansanin alhazai, kuma hawansa jirgi biyu ne a duniya: zuwa Jidda da dawowa.

Amma yaren ya zauna masa fiye da masu shi. Ba ya cewa "to", sai "Roja". In shayi ya ƙona masa harshe, "Mede, mede, mede". Ya san lambar kowane jirgin Najeriya da 5N take farawa. Harufan rediyo kuwa, Alfa, Birabo, Cali, da su yake ba da lambar motar haya. Matsalar ita ce a Agege "Alfa" malami ne a bakin Yarabawa. Ran nan ya ɗaga murya ya ce "Alfa!" sai ga wani malami mai rawani ya tsallako titi ya ce ga shi, wa za a yi wa addu'a? Dole ya ba da sadaka.

Ya ce gadon abin ya yi. Jiragen farko da suka sauka a ƙasar nan guda uku ne na sojan Ingila, daga Masar, a Kano, cikin Nuwamba 1925. Wannan gaskiya ne, yana cikin tarihi. Abin da ba ya cikin tarihi shi ne cewa kakansa ne ya riƙe wa Baturen linzamin jirgin har ya sauko.

Kowa ya san shi, ba mai tona shi. Dalili kuwa, in ɗan majalisa ya kwanta asibiti shi ke yawo da hula yana tara gudummawa, shi ke kwana a wurin, shi ke faɗa da masu jinya. Sunan Kyaftin da wannan ya saye shi.

Mai Hasumiya

Shekara talatin yana ba jirage izinin tashi da sauka, yanzu baki yake ba wa. Ba wanda ya naɗa shi shugaba, muryar ce kawai, sanyi ƙalau, ba ta hawa ba ta sauka. "Kyaftin, dakata, akwai mai sauka a gabanka. Injiniya, bismillah, ka taƙaita." Yakan bar A-Zamaninmu yana kewaya da labari a baki har minti ashirin, kamar jirgin da aka hana titi. A sama, in ji shi, ƙafa 1,000 ake bari tsakanin jirgin sama da na ƙasa da shi, don haka ya raba Injiniya da Kyaftin da tazarar mutum uku da kwanon sukari. Ran da tayar tirela ta fashe a bakin titi kowa ya watse har da masu sa'a 18,000, shi kaɗai ya rage a zaune, ya ce, "A koma mazauni, ɗaya bayan ɗaya." An ce a gidansa ko rimot ɗin talabijin ba a ba shi.

Ƙananan jirage

Akwai waɗanda ba sa cin layi da yawa. Ga Malamin Yanayi, tsohon ma'aikacin duba sararin sama, wanda in ya ce ba za a yi ruwa ba mai shayi ke fara ɗaura tamfol. Ga Mai Hoto, da hotonsa ɗaya a jaka yana gaisawa da wani shugaban ƙasa a ƙofar jirgi, sai dai kafaɗarsa da kunne ɗaya kawai suka fito. Ga Saura-Ƙiris, wanda bai taɓa yin tafiya lafiya ba: kullum inji ya mutu, mai ya ƙare, hadari ya rufe, shi ya ceci kowa. In ka haɗa labaransa za ka yi mamakin kamfanin da ya ci gaba da ba shi jirgi.

Hajiya

Ba ta zama, majalisar maza ce. Shagonta na atamfa da leshi yana tsallaken titi, sai in za ta wuce ta tsaya a gaisa. Tsohuwar ma'aikaciyar cikin jirgi ce, har yau in tana yi maka kwatancen hanya da yatsu biyu take nunawa, dama da hagu, kamar ƙofofin gaggawa. Ta tsani a ce aikinta rabon shayi ne. An horar da su, in ji ta, su fitar da jirgi cike da mutane cikin daƙiƙa 90, kuma ita ta yi jigilar alhazai zamanin da sai ka lallashi tsoho kada ya yi alwala da buta a tsakiyar hanya.

Tsoronta ake ji, don ita ce baƙin akwatin majalisa, komai yana naɗe. Kyaftin A-Zamaninmu yana tsakiyar labarin saukar Jidda, hannu ya karkata, sai a ji, "Kyaftin, ina wuni, ya iyali? Wannan saukar ba ita ce wadda tire ya bar hannuna ba? Sau uku muka taɓa ƙasa, har wani Alhaji ya tambaye ni ko garuruwa uku muka tsaya." Ta gyara mayafi ta wuce. Hannun Kyaftin ya sauka a hankali, wannan karon ba tare da ya taɓa kofin kowa ba.

Baba Shiru

A ƙarshen benci yake zama, ya fi kowa shekaru, kofi ɗaya yake sha. Ba ya gardama. Duk jirgin da ya wuce sai ya bi shi da ido har ya ɓace bayan rufin gidaje, leɓɓansa suna motsi. Akwai ranaku biyu da in an ambace su teburin kan yi tsit: 22 ga Janairu 1973, da jirgin alhazai ya faɗi a Kano mutum 176 suka rasu, da 4 ga Mayu 2002, da jirgi ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. A irin wannan lokaci shi ake duba, shi ke ɗaga hannu a yi fatiha.

Hajiya ce ta gaya mini duk teburin babu kamarsa. In shi ya sauke jirgi, in ji ta, sai an tashi fasinja daga barci an ce an iso. Na matsa kusa da shi wata rana na ce, "Baba, kai ba ka da labari ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Wanda ya kai mutane gida lafiya, wane labari gare shi?" Na ce to me yake faɗa in jirgi ya wuce? Ya ce, "Allah ya sauke su lafiya. Ko ba ni ke riƙe da shi ba, ai akwai 'ya'yan mutane a ciki."

Yaron mai shayi

Mafi ƙuruciya a 'yan majalisa gemunsa ya yi fari. Ba sabon shiga, don kuɗin koyon tuƙi a Zariya ko Ilori yau miliyoyi ne masu yawa, ɗan talaka sai in gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa, sha'awa irin ta Alhaji kuwa ta zama tatsuniya. Okada ma da ta rage a Legas mai ƙafa biyu ce, sunan kamfanin jirgin ne ya sauko ya hau babur.

Sai dai akwai yaron da ke wanke kofuna, ɗan shekara sha biyar. Yana da wata manhaja a waya, Flightradar24, mai nuna kowane jirgi da sunansa da inda ya fito. Ran da ya fara nuna ta, ya kusa kashe majalisa: Mai Kunne ya ce daga Turai, yaro ya duba ya ce, "Baba, daga Fatakwal ne." An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ba a yi maganar waya ba. Mai Hasumiya ya yanke hukunci: ba a duba waya sai kowa ya faɗi nasa an yi gardama an ƙoshi. A nan na gane abin da ke tara su, su da takwarorinsu na Oshkosh. Amsar ba ta dame su ba. Wanda zai ja da su cikin yaren da suka iya suke nema, don a gida in suka fara, jikoki sai su sulale ɗaya bayan ɗaya.

Yaron nan shi kaɗai ne Baba Shiru ya taɓa ba labari, ni ma satar ji na yi. Labarin ranar da malamin Baba a Zariya ya buɗe ƙofa ya fita ya ce ya tashi shi kaɗai. Yadda jirgin ya yi sakayau da babu nauyin mutum na biyu. Yadda ya hango dutsen Kufena da gonakin dawa, ya ji yana waƙa da ƙarfi shi da bai iya waƙa ba. Da ya sauko abokai suka sheƙa masa bokitin ruwa. Yaron ya tsaya da kofi a hannu, kumfar sabulu tana ɗiga a ƙafarsa.

Da aka kira magariba Mai Hasumiya ya ba da izinin tashi. Tashin kan ɗauki lokaci, gwiwa ta yi ƙara, a dafa kafaɗar juna, a ce wash. Sakatare ya rataya ledarsa, ya ce wa mai shayi a rubuta. Alhaji ya taɓa aljihu ya tuna mini maganar Ibadan. Mai shayi ya jingine bencinsa biyu a bango. Bara uku ne, ya mayar wa kafinta ɗaya tunda ba a cika shi.

Wani jirgi ya gangaro ta arewa, fitilu a kunne. Dattawan sun riga sun shiga sahun alwala, ba wanda ya ce komai. Yaron ne kaɗai ya rage a waje, waya a aljihu, kai a sama, yana bin sa da ido har bayan rufin gidaje. Ruwan buta ya tafasa ya zubo a wuta, maigidansa ya daka masa tsawa, bai ji ba.